Sanƙiran Zamani

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta sami sunan da za ta kira sana'ata da shi ba. Idan mata suka tambaye ta a bakin rijiya abin da ɗanta yake yi a Yamai, sai ta ce: "Shina bin makaɗa." Ba da alfahari take faɗin haka ba. A Arewa, kamar sauran ƙasar Hausa, kiɗa da roƙo gado ne, mu kuwa gidanmu na manoma ne, ba mu gaji ganga ba. Ni kaina na daɗe ina kame-kame. A takardun hukuma nakan rubuta sunan aikin da Faransanci, amma da Hausa sai in yi ta zagaye-zagaye: mai tallata mawaƙa, mai shirya wasa, mai kai sanarwa gidan rediyo. Wani tsohon makaɗin gurumi ne ya raba gardamar, ranar da ya gabatar da ni ga wani mai biki ya ce: "Ga sanƙirana." Yadda aka yi har ya kira ni da wannan suna, da abin da sunan ya ci mini kafin in same shi, su nake so in ba mai karatu labari.

Wanda ya san taron kiɗa na gargajiya ya san sanƙira. Ba ya kiɗa, ba ya amshi. Shi ne yake tsayawa gefen makaɗi yana ɗaga murya, ya bayyana wanda ake yi wa waƙa, ya ja asalinsa, ya faɗi kyautar da aka bayar da sunan wanda ya ba da ita. A wajen ɗaurin aure da raɗin suna ma shi yake shelar abin da aka ƙulla, domin na nesa su ji. Jarinsa duka biyu ne: murya, da yardar mutane cewa abin da ya shelanta haka yake. Ni na shiga aikin ina tsammanin murya kaɗai ta isa.

An haife ni a Lugu, cikin gundumar Dankasari ta yanzu, a yankin Dogondutsi. Babu ɗan makarantar Nijar da bai ji sunan garinmu ba, saboda Sarauniya Mangu da turjiyar da mutanenta suka yi wa rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Mu da muka tashi a can, tsofaffi ba su ba mu labarin da kirari ba. A hankali suke faɗinsa, kamar mai ambaton rashin da aka yi a gida: an ƙone gari, mutane sun watsu cikin daji, Lugu ba ta sake komawa girmanta na da ba. Ita kuma Sarauniyar da muka sani, baiwar Allah ce mai zama a ɗakinta, ana zuwa gaishe ta da ladabi, ba a ɗaga murya a ƙofarta.

A 1980 Abdullahi Mamani ya wallafa littafinsa mai suna Sarraounia. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da shi fim, aka ɗauki hotunan a Burkina Faso, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Lokacin ina kwaleji a Dogondutsi. Da na isa Yamai bayan ƴan shekaru, sai na riƙa ganin sunan Sarauniya a allunan shaguna da makarantu, alhali garin da sunan ya fito ko hanyar kirki babu mai kai mutum can da damina. Abu biyu na fahimta tun ina saurayi. Suna yana tafiya nesa idan ya sami mai ɗaukarsa, kuma sau da yawa mai ɗaukar ne yake cin amfaninsa, mai sunan yana zaune bai sani ba. Na farkon ya ba ni sha'awa ƙwarai. Na biyun ban tsaya na auna shi ba sai da na zama mai laifi a cikinsa.

Ba da niyya na zaɓi wannan hanya ba. Na gama karatu a zamanin da gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata, waɗanda ta ɗauka ma suna bin ta albashin watanni. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, komai ya yi tsada. Amma a shekarun nan ne kuma wata ƙofa ta buɗe. A da, makaɗin karkara ba ya fita daga yankinsa sai in Muryar Sahel ta ɗauki muryarsa, ko kuwa Samariya ta kai shi bikin matasa na ƙasa a zamanin Shugaba Seyni Kunce. Bayan Taron Ƙasa na 1991 tsarin Samariya ya shuɗe, daga 1994 kuma gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa a Yamai. Gidajen suna neman abin da za su cika lokaci da shi, makaɗa suna neman wanda zai ji su, tsakaninsu kuwa babu ɗan aike.

A 1997 na je wani biki a ɓangaren Matankari, na tarar da wani makaɗin gurumi, dattijo mai kimanin shekara 60, wanda ƙauyukan Dallol Mauri suka sani sarai amma birni bai taɓa jin ɗuriyarsa ba. Waƙoƙin noma yake yi, yana kiran manoma da sunayen gonakinsu. Ladansa damin hatsi ne, wani lokaci ɗan akuya. Na nemi izininsa na ɗauki waƙa huɗu a ƴar rakodata, na kai kaset ɗin wa wani mai gabatar da shirin Hausa na dare. An sa waƙa ɗaya ranar Laraba. Kafin mako ya zagayo, Arawa mazauna Yamai sun fara zuwa gidan rediyon suna tambayar inda za a sami mai waƙar. Wani ɗan kasuwa da zai aurar da ɗiyarsa ya ba ni kuɗin mota in je in zo da shi. Da aka watse, dattijon ya ƙirga jika biyu ya miƙo mini. Muka yi magana a kan cewa daga ranar, duk wasan da na samo masa, ɗaya cikin goma nawa ne. Ba mu rubuta komai ba.

Masu kallo daga nesa suna zaton aikin sanƙira surutu ne kawai. Kafin a buga gurumi sau ɗaya a dandali, sai na nemi izinin hukuma, na yi cinikin wuri, na ɗauko hayar lasifika da injin wuta da kujeru, na buga tikiti, na rubuta sanarwa na biya kuɗin karanta ta, na bi gidajen manya ina gayyata, domin taron da babu uban taro liƙinsa ba ya kauri. Duk wannan da kuɗina ne ko da bashi. Idan hadari ya taso ko aka yi rasuwa a unguwa, asarar tawa ce, makaɗi kuwa sai an sallame shi. Shekarar ma ba duka ake aiki ba. Kasuwarmu tana ci daga kaka zuwa bazara, lokacin bukukuwa da kokowa, tana tsayawa da azumi, ta farfaɗo da Salla, da damina kuma kowa ya kama hauya. Mai zaman kansa ba shi da albashi, ba shi da ofishin da zai fake a bayansa. Idan abu ya yi kyau a yabi makaɗi, idan ya lalace a nemi wanda ya yi gayya.

A ƙarshen 1999, shekarar da yaƙin Lugu ya cika shekara 100, na shirya wa dattijon wasa mafi girma da na taɓa ɗauka, a wani dandali a Yamai. Na ci bashi mai nauyi. Saura kwana biyar, tikitin da aka saya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da dare na zauna na sake rubuta sanarwar. Inda na ce "makaɗin manoman Arewa" na goge, na rubuta "makaɗin fadar Sarauniyar Lugu, magajin kiɗan da aka yi ranar yaƙi". Mutumin nan ba ɗan Lugu ba ne, bai taɓa yi wa Sarauniya kiɗa ba, babu kuma wanda ya ba shi wannan matsayi. Na san haka sarai. Na gaya wa zuciyata cewa ai ni ɗan garin ne, ina da haƙƙi a sunan, kuma ƙarin gishiri al'adar talla ce. Kwana uku ana karanta sanarwar safe da yamma. Ranar wasa wuri ya cika har wasu suka tsaya a waje.

Shi dattijon bai ji rediyo ba, yana hanya. Takardun da na manna a bango da Faransanci suke, shi kuwa ko da Hausa ne ba ya karanta boko. Sai da mai gabatarwa ya kira shi da wannan laƙabi a gaban jama'a, aka ɗauki tafi, sannan ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Ya zauna ya yi wasansa, waƙoƙin noma kamar kullum, mutane suka yi liƙi, wasu kuma suka riƙa kiran a yi musu kiɗan yaƙin da aka yi musu alkawari. Bayan an watse na kawo kuɗi ina murmushi. Ya karɓi rabonsa, ya ƙirga, ya sa a aljihu, sa'an nan ya ce: "Ɗana, wa ya naɗa ni?" Na fara bayanin bashi da tikiti. Ya ɗaga hannu ya ce: "Ni makaɗin manoma ne. Da wannan suna ubana ya bar ni, kuma ya ishe ni." Da asuba ya hau mota bai yi mini sallama ba.

Magana zarar bunu ce. Ƴan cirani da suka koma gida sun kai labari kafin wata ya ƙare. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu a lokacin, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da wasu dattawa uku a inuwar ƙofar gida. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce: "Kai ɗan nan, wa ya ba ka sunan ga ka kai kasuwa?" Na ce: "Baffa, ai ɗaukaka garin na yi." Ya ce garin bai aike ni ba. Ya ce baƙi sun rubuta abin da suka rubuta, sun yi fim ɗinsu, ba a bi su ba domin baƙi ne, amma ɗan gida da ya san ƙofar Sarauniya, ya san yadda ake tuɓe takalmi a wurin, shi ne zai ɗauki sunanta ya liƙa wa tikiti? Daga nan ya gaya mini abin da ban sani ba. Mutanen ƙauyen makaɗin sun sa shi a baki, yara suna bin sa da kirarin sarautar da ba a ba shi ba, wani mai biki a ɓangaren Bagaji ya fasa gayyatarsa don kada a ce ya goyi bayan ƙarya, shi kuma da tsufansa ya tako har Lugu ya ba da haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba.

Wannan na ƙarshe ne ya karya mini gwiwa. Na tambayi abin da zan yi. Baffa ya ce inda na ɓata can zan gyara. Na koma Yamai na rubuta wata sanarwa da sunana da sunan mahaifina, na ce laƙabin da aka ji ƙirƙirata ce, makaɗin bai san da shi ba, mutanen Lugu ba su ba da izini ba, ina neman gafararsu duka. Na biya aka karanta ta kwana uku, safe da yamma, daidai da ta farko. Mai karɓar kuɗin sanarwa ya dube ni ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don a shelanta cewa ya yi ƙarya ba. Ribar wasan ta tafi a nan da wajen biyan bashi. Wasu abokan sana'a suka ce na kashe kaina da hannuna, kuma kusan shekara guda maganarsu ta yi kama da gaskiya, domin babu wanda ya ba ni aiki mai kauri.

Dattijon bai neme ni ba sai a 2002. Ya aiko ɗansa ya ce in zo, akwai mai biki daga Doso da yake son a yi ciniki. Na isa na tarar da su zaune. A nan ne ya nuna ni ya ce: "Ga sanƙirana. Ku yi magana da shi, abin da ya faɗa muku shi ne." Muka ci gaba da aiki tare har ƙarfinsa ya ƙare.

Daga wannan abu na ɗaura wa kaina wasu ƙa'idoji da har yau ban sake su ba. Ba na kai sanarwa ko'ina sai na karanta wa mai ita da Hausa, kalma bayan kalma, ya ce ya yarda. Ba na ba mawaƙi laƙabin da ba jama'arsa ko wata sarauta ta ba shi ba. Yarjejeniya a rubuce nake yin ta, a karanta ta a gaban shaidu biyu, ko da mawaƙin ya ce amana ta isa, domin na ga yadda amana take tsufa idan kuɗi suka yi yawa. Kuɗin ƙofa da na liƙi a gaban kowa ake ƙirga su, har da ƴan amshi. Kuma duk wanda na yi aiki da shi, nakan matsa masa ya yi rajistar waƙoƙinsa a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, wato BNDA. Abin da ake samu daga can ba shi da yawa, amma takarda ce da take cewa waƙar nan tana da mai ita.

Kayan aiki sun sauya sau da dama a hannuna. Na fara da kaset, wanda masu kwafi suke juyawa su sayar a tasha ba tare da makaɗi ya ga ko dala ba. Faifan CD ya zo ya wuce. Sai katin waya, inda ake zuba wa mutum waƙa ɗari da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Yau WhatsApp da Facebook da TikTok ne dandali, yaro yana iya yin waƙa a Tibiri da safe, kafin dare a ji ta a Sakkwato da Agadas. Waƙoƙin finafinan Kano sun mamaye bukukuwan da a da gurumi da kalangu suke ci. Hanyar Najeriya, wadda take babbar kasuwa ga mawaƙin Arewa, ta rufe daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, annobar korona ta hana taro a 2020, iyakar ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. A kowane karo wasannin da na riga na karɓi kafin alƙalaminsu sun rushe, na mayar da kuɗin mutane, na koma gona.

Jarabar kuwa tana nan yadda na san ta, sai dai ta ƙara sauri. Matasan mawaƙa suna zuwa wurina suna so in kira su sarkin wannan ko gwarzon wancan tun ba su cika waƙa goma ba. Wasu suna so a ƙirƙiro faɗa tsakaninsu da wani mawaƙi don a yi ta magana a waya. Wasu suna tambaya ko na san inda ake sayen mabiya. Lokacin zaɓe kuma ƴan siyasa sukan zo da kuɗin da ya fi na shekara guda, a kan in kawo mawaƙi ya yabi wane ya zagi wane. Ba na hana mawaƙi zuwa, shi ya san cikinsa da iyalinsa, amma ni ba na shiga, saboda wanda aka zaga yau gobe shi ne mai bikin da zan je gayyata. Wasu yaran sun bar ni sun koma wurin masu zafin baki, wasunsu kuma sun yi suna fiye da waɗanda suka zauna. Ban yi arziki da wannan sana'a ba. Na gina ɗaki uku, na sa ƴaƴana makaranta, kuma idan na ce wane zai yi wasa ranar kaza a wuri kaza, daga Dogondutsi har Doso mutane sukan fito ba tare da sun tambayi wani ba.

Ga malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu ina da roƙo biyu. Na farko, a kowane aji akwai yaron da ba ya waƙa, ba ya rawa, amma shi yake tara jama'a idan za a yi wasan makaranta. Kada a ɗauke shi mai surutu kawai. A koya masa rubuta sanarwa da Hausa mai kyau, a koya masa lissafin abin da aka kashe da abin da ya shigo, a nuna masa cewa duk abin da zai faɗa a kan wani sai ya tabbatar. Ƙungiyoyi kuma su riƙa ware wa wannan aiki kasonsa tun wajen tsara kuɗi, domin na sha ganin an yi wata uku ana koyon wasa, a tuna da gayyata saura kwana biyu. Na biyu, idan za ku ɗora Sarauniya, ko dutsen Tunguma, ko wani abin gadon wani gari a kan dandali, ku tuna masu abin suna raye. Lugu ba ta da nisa daga Dogondutsi. Ku aika, ko ku je ku yi gaisuwa, ku faɗi abin da kuke niyya, ku ji abin da za a ce muku. Sau da yawa za a yarda, har a gyara muku kuskuren da littafi bai gyara ba.

Dattijon ya rasu shekaru da dama da suka wuce. Kaset-kaset ɗinsa 11 suna wurina, na sa an juye su a na'ura, na ba ɗansa kwafi. Wani lokaci nakan ji muryarsa tana fita daga wayar wani a tasha, babu suna, babu gari, sai in matsa in gaya wa mai wayar ko wane ne, da ƙauyen da ya fito, da cewa makaɗin manoma ne. Yanzu ɗan ƙanwata yake bi na yana koyon aikin, shi ya fi ni sanin waya nesa ba kusa ba. Kwanan baya ya kawo mini sanarwar da ya rubuta wa wata yarinya mai waƙar biki, ya ce: "Kawu, duba mini kafin in saka." Na karanta, na ga ya kira ta tauraruwar Arewa duka. Na mayar masa da wayar na ce ya je ya karanta mata a gaban mahaifiyarta, in sun amince da kowace kalma ya dawo mu yi magana. Ya dawo da yamma ya goge layi biyu.